In Ciwon Hannu da Ƙafa da Baki Ya Shigo Gida

Maigida da uwargida, wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a tsakar gida inda mata za su ji, gama yawancin aikin da za a ambata a nan a hannunsu yake.

Akwai wata cuta ta ƙananan yara wadda likitoci suke kira ciwon hannu da ƙafa da baki. Mu da muke aiki a ɗakin magani, akan kawo mana yaro lafiya lau a ce, "Malam, jiya ya wuni yana wasa da ɗan maƙwabta, yau kuwa ƙuraje sun feso wa wancan a hannu da baki. A yi masa allura kada ya kamu." To, ku sani babu allurar da za a yi wa yaro bayan ya cuɗanya da mai wannan ciwo, babu kuma ƙwayar da zai sha ta tare shi. Amma akwai aikin da za a yi, kuma a gida ake yinsa, da sabulu da ruwa da lura. Gidan da ya yi shi, sau da yawa ciwon yakan tsaya a kan yaro ɗaya. Gidan da ya yi sakaci, sai ya bi yara ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga na goye.

YADDA AKE GANE TA

Cutar ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5, ko da yake manyan yara da manyan mutane ma sukan kamu. Takan soma da zazzaɓi da ƙin abinci da ciwon maƙogwaro. Bayan kwana 1 ko 2 sai gyambuna ƙanana su fito a baki: a harshe, da dasashi, da cikin kumatu, da ganɗa. Suna da zafi ƙwarai. Shi ya sa za ka ga yaro yana ta dalala, ya kama nono ya saki yana kuka. Sa'an nan ƙuraje su fito a tafin hannu da tafin ƙafa, waɗansu jajaye, waɗansu masu ruwa. A fatar da ta yi duhu ba su cika yin ja sosai ba, sai an duba da kyau a cikin haske. Sukan fito kuma a ɗuwawu da gwiwa da gwiwar hannu. Yawancin yara sukan warke da kansu cikin kwana 7 zuwa 10.

Kada a gama ta da waɗansu cututtuka. Ƙyanda tana zuwa da tari da mura da jan ido, ƙurajenta kuwa daga fuska suke sauka zuwa jiki. Ƙarambau ya fi yawa a ciki da baya da kai, ga ƙaiƙayi. Ƙazwa tana zama a tsakanin yatsu, ƙaiƙayinta da dare yake tsananta, ba ta kuwa kawo zazzaɓi. Ƙyandar biri ma tana fitowa a tafin hannu, amma ƙurajenta manya ne masu tauri, ga kaluluwa. In kun rasa gane wadda ce, ku kawo yaron a duba. Ba a sayen magani a kan zato.

Waɗansu in sun ji sunan sai su ce ai ciwon shanu ne, na baki da kofato. Ba shi ba ne. Sunan ne ya yi kama, ƙwayar cutar kowanne dabam take. Yaro ba ya ɗaukar wannan ciwo daga saniya ko akuya, su ma ba sa ɗauka daga wurinsa. Saboda haka kada a zargi garke, kada a zargi mai tallar nono.

ASALIN LABARINTA

Cuta ce ta duniya duka. Likitoci sun fara bayyana ta a shekarar 1957, a ƙasar Niyu Zilan da kuma birnin Toronto na Kanada. Da ta ɓarke a birnin Bamingam na Ingila a 1959, sai aka raɗa mata sunan da ake kiranta da shi yanzu. Ƙwayoyin da suke kawo ta irin waɗanda ake kira bairos ne, ƙanana ƙwarai, ko da madubin likita na ɗakin magani ba a ganinsu. Iri-iri ne, dangi ɗaya suke da ƙwayar shan inna, kuma kamar ta a hanji suke zama su hayayyafa. Wadda ta fi kawo ciwon sunanta Koksaki, sunan wani ƙaramin gari a jihar Niyu Yok ta Amurka, inda aka fara samun irinta cikin kashin yara a 1948.

Akwai wata a cikin dangin mai lamba 71, wadda aka gano a Kalifoniya a 1969. Ita ce mai haɗari, domin wani lokaci takan taɓa ƙwaƙwalwa. Ta hallaka yara a Sarawak ta ƙasar Malesiya a 1997. A tsibirin Taiwan a 1998 mutum 78 suka mutu, kusan dukansu ƙananan yara. Ta sāke yin ɓarna a garin Fuyang na ƙasar Sin a 2008. A ƙarshen 2015 hukumar Sin ta amince da allurar rigakafin mai lamba 71 ɗin, amma ita kaɗai take tarewa, kuma tun yaro yana lafiya ake yinta. Ba ta cikin alluran rigakafin da ake yi wa yaranmu. Ɗigon shan inna ma, duk da dangantakar, ba ya tare wannan ciwo.

An kawo wannan labari don ku san abu biyu. Na ɗaya, yawancin yaran da suka kamu lafiya suke tashi. Na biyu, ido ba ya rarrabe mai sauƙi da mai haɗari ranar farko, saboda haka kowanne sai a lura da shi.

HANYOYIN DA TAKE BI

Ƙwayar cutar tana fita daga jikin mai ciwo ta hanya huɗu: yawu, da majina, da ruwan ƙuraje, da kashi. Ƙofar da take shiga kuwa ita ce baki da hanci da ido. Abin da yake ɗauko ta daga can ya kawo nan, galibi hannu ne.

Ku dubi yadda rana ɗaya take wucewa a gida. Yaro mai ciwo ya yi dalala, uwa ta share masa da bakin zane. Can an jima ƙaninsa ya yi majina, ta share masa da wannan bakin zanen. Mai ciwo ya sha ruwa da moɗa, an mayar da ita kan randa, kowa ya zo ya sha. Ya tsotsi ludayi ya yar, na rarrafe ya ɗauka ya sa a baki. An yi masa tsarki, an ɗauraye hannu da ruwa zalla, an koma ana dama fura. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan cutar ta sami jakin hawa. Tari da atishawa ma suna watsa ta ga wanda yake kusa.

Makon farko na ciwon shi ne lokacin da yaro ya fi bazawa. Amma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: bayan ƙuraje sun bushe, yaro ya koma wasa, ƙwayar tana nan tana fita cikin kashinsa har makonni, wani ma ya wuce wata guda. Har wa yau babban mutum yakan ɗauke ta bai ji kome ba, ko ya ji ɗan ciwon maƙogwaro kawai, ya kai wa ɗansa. Watau uwa da 'yar raino suna iya zama gadar da cutar za ta haye, su kuwa suna lafiya.

RANAR DA KUKA JI LABARI

Da zarar kun ji yaronku ya yi wasa da mai ciwon, ku wanke masa hannu da fuska da sabulu, ku sāke masa riga, ku wanke wadda ya tuɓe. In ya zo da wani abin wasa daga can, a wanke shi. Wannan ba zai fitar da abin da ya riga ya haɗiya ba, amma zai hana ragowar da take hannunsa da rigarsa ta isa bakinsa ko bakin ƙannensa. Kuma ba duk wanda ya yi wasa da mai ciwo ne yake kamuwa ba.

Sa'an nan ku riƙe ranar, ku fara ƙirge. Daga shigar ƙwayar zuwa fitowar zazzaɓi kwana 3 ne zuwa 6. In ranar Lahadi suka yi wasa, daga Laraba zuwa Asabar ne za a fi sa ido. Kowace safiya uwa ta taɓa jikinsa, ta fito da shi haske ta ce ya buɗe baki, ta duba tafin hannu da na ƙafa da ɗuwawu. Ta lura da cinsa, gama ƙin abinci da dalala sukan riga ƙuraje fitowa. In kwana 10 suka wuce ba a ga kome ba, sai a kwantar da hankali. In kuwa a gida ɗaya suke da mai ciwon, kullum sabuwar cuɗanya ce, sai a ci gaba da dubawa har mako guda bayan wancan ya warke.

Cikin kwanakin nan ba sai an kulle yaron a ɗaka ba. Muddin yana lafiya yana iya zuwa makaranta. Abin da za a hana shi, ɗaukar jariri, da sa masa yatsa a baki, da ba shi abin da ya gutsura. A ware masa kofinsa tun yanzu, domin yaro yakan fara baza ƙwayar tun kafin ƙuraje su fito.

Kada ku sayi kafso a kasuwa ku ba shi wai don rigakafi. Magungunan nan ba sa taɓa bairos. Asarar kuɗi ce, ga kuma lalata cikin yaro a banza.

WANKIN HANNU

Wannan shi ne babban makami, kuma kowa yana cewa ya iya. To, ga yadda ake so. A jiƙa hannu, a shafa sabulu, a cuɗa ciki da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, ana ƙirgawa a hankali daga 1 zuwa 20. Sa'an nan wani ya zuba maka ruwa da buta, ruwan yana zuba ƙasa. Kada a tsoma hannu cikin kwano ɗaya bi da bi kafin cin tuwo, gama na ƙarshe da dattin na farko yake wankewa. A bar hannu ya bushe a iska, kada a goge da zanen da yake jiki. In sabulu ya yanke, toka mai tsabta ta murhu ta fi ruwa zalla, kafin a samo wani.

Lokutan da wankin ya zama tilas su ne:

1. Bayan an yi wa yaro tsarki ko an sāke masa ƙunzugu.
2. Bayan fitowa daga masai.
3. Bayan share yawu ko majina, ko taɓa ƙuraje.
4. Kafin a taɓa abinci, ko a dama koko ko fura.
5. Kafin a ba da nono, ko a ɗauki jariri.

Yaran ma a wanke musu, domin ɗan shekara 3 ba ya iyawa da kansa. Maigida, naka aikin shi ne ka tabbata akwai sabulu da buta a bakin masai, dabam da na wanka. Ruwan goge hannu na kwalba, wanda ya yaɗu lokacin annobar korona a 2020, ba shi da ƙarfi sosai a kan wannan ƙwaya. Kada ku dogara da shi ku bar sabulu.

KASHIN YARO

Akwai masu cewa kashin yaro ba ƙazanta ba ne. A wannan ciwo, kashin yaro shi ne rumbun cutar. In yaro ya tsuguna a tsakar gida aka bar shi, kaji su tona, ƙuda ya sauka ya tashi, na rarrafe ya bi ta kai, to, gida duka ya samu.

A sa yaro a kan fo, a juye a masai nan da nan, a wanke fon da sabulu a kife shi a rana. In ya yi a ƙasa, a kwashe har da ƙasar da take ƙarƙashinsa a zuba a masai. Ruwan tsarki da ruwan wankin ƙunzugu ma masai za su, kada a watsa su a tsakar gida ko a kwata inda yara suke wasa. Ƙunzugun zamani da ake yarwa, a ƙulle shi a binne ko a ƙone, kada a jefa a juji. A rufe bakin masai. A nisanta duk wannan aiki daga rijiya da randa da madafa. Inda babu masai, a haƙa rami a binne.

Wannan aiki ba na mako guda ba ne. A ci gaba da shi sosai har wata guda ko fiye bayan yaro ya warke. Wanda ya saba da shi kuwa, ya tare wa gidansa gudawa da tsutsar ciki da taifot a lokaci ɗaya.

KWANO DA MOƊA DA ZANE

A ware wa mai ciwo kofinsa da cokalinsa da kwanonsa, a yi musu alama da zare don kada a rikita. Ya bar cin tuwo a akushi ɗaya da 'yan'uwansa har ya warke. Moɗar randa ta zama ta ɗiba kaɗai: a ɗebo a zuba a kofi, kada kowa ya kafa mata baki. Uwa kada ta ɗanɗana da cokalin mai ciwo sa'an nan ta ba ƙarami, kada kuma ta tauna abinci ta sa wa jariri a baki.

A keɓe ƙyalle ɗaya don share masa yawu, a riƙa wanke shi kullum. Zanen goyonsa da majanyi da shimfiɗarsa a wanke da sabulu, a shanya a rana su bushe ƙayau. Kada a goya wani da zanen da aka goya shi sai an wanke. Kofi da cokali da abin wasan da zai jure zafi, a tafasa su.

Ƙwayar nan tana iya yin kwanaki a jikin kaya ba ta mutu ba. Abin da yake kashe ta shi ne ruwan bilic da ake sayarwa a kanti. Wanda aka rubuta kashi 3.5 cikin 100 a jikin kwalbarsa, a zuba awo 1 cikin awo 30 na ruwa. A fara wanke wurin da sabulu, sa'an nan a goge da wannan haɗi: fo, da daɓen siminti, da tabarmar roba, da kayan wasa. A bar shi kamar minti 15, a ɗauraye. Kowace rana a haɗa sabo. Kada a gauraya bilic da wani maganin wanki, kada ya taɓa jikin yaro, kada kuma a zuba shi a kwalbar lemo a ajiye inda hannun yaro zai kai.

WAƊANDA ZA A FI TSAREWA

Na farko shi ne jariri, musamman sabon haihuwa. In da hali, mai ciwo ya kwana a wani ɗaki tare da kakarsa ko wata babba, har zazzaɓi ya sauka ƙuraje su bushe. In uwa ɗaya ce take jinyar wannan tana shayar da wancan, sai ta wanke hannu duk sa'ad da za ta tashi daga ɗaya zuwa ɗaya. Kada a yaye jariri saboda wannan ciwo. Nonon uwa kariya ne gare shi, in ma ya kamu shi ne abincin da zai fi karɓa.

Ta biyu ita ce mai ciki wadda ta kusa haihuwa. Ita kanta ba ta cika wahala ba, amma in ta kamu dab da haihuwa tana iya ba jaririn. Ta bar wa wata jinyar da wankin kashi. In ta ji zazzaɓi ta faɗa wa ungozoma ko ma'aikaciyar asibiti.

Ta uku ita ce 'yar raino, yarinyar nan 'yar shekara 8 ko 10 da take yawo da ƙaninta a baya gida-gida. Ita ce take share majina, ita ce take raba ƙosai da hannu, ita ce kuma ba wanda yake tunawa ya koya mata wankin hannu. Ku zaunar da ita ku nuna mata.

A gidan da yake da sassa da yawa, kada a ɓoye ciwo don gudun magana. Wadda ɗanta ya kamu ta gaya wa abokiyar zamanta da matan sauran sassa tun ranar farko. Ba laifin kowa ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. Ɓoyewa ce take sa yara 6 su kwanta maimakon 1.

MAKARANTA DA TARO

Yaron da ciwon ya fito masa ya zauna a gida har zazzaɓi ya tafi, ƙuraje su bushe, bakinsa ya warke, watau kamar mako guda. Kada ya je makarantar boko ko ta allo ko Islamiyya, kada a tafi da shi biki ko suna ko barka, kada ya shiga kududdufi tare da yara. A aika wa malaminsu ya sani, don ya duba sauran. In kun ga yara da yawa a unguwa sun kamu cikin 'yan kwanaki, ku gaya wa mai unguwa, shi kuma ya sanar da ɗakin magani.

IN CIWON YA FITO DUK DA HAKA

Wani lokaci an yi duk abin da ya kamata, amma yaro ya kamu. Kada uwa ta zargi kanta. Sai a juya ga jinya.

Abu na farko, duk yaron da ya yi zazzaɓi a kawo shi a gwada jininsa, gama zazzaɓin cizon sauro yana iya haɗuwa da wannan, shi kuwa ba ya jira.

Babban haɗarin da aka fi gani shi ne bushewar jiki. Bakin yaro yana zafi, sai ya ƙi sha. Saboda haka a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, da cokali in ta kama: nonon uwa, da ruwa mai tsabta mai sanyi, da koko ko kunun gyaɗa wanda ya huce sarai. A guji abu mai zafi, da yaji, da gishiri mai yawa, da mai tsami kamar lemo da kunun tsamiya, domin suna ƙara masa raɗaɗi. In bai ci tuwo kwana 2 ba babu damuwa, muddin yana sha. In shan ya ragu, a karɓo garin gishiri da sukari na asibiti, a haɗa ƙunshi 1 cikin lita 1 ta ruwa.

Don zafin jiki da zafin baki a ba shi farasitamol, gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya auna masa. In an ba shi kamar rabin awa kafin abinci, zai fi karɓa. Kada a ba yaro asfirin, yana iya taɓa masa hanta da ƙwaƙwalwa. Kada a fasa ƙurajen, ruwansu cuta ne, kuma wurin yana iya ruruwa. Kada a goge bakin da kanwa ko alif ko garin kafso. Kada a ba ɗan ƙasa da shekara 1 zuma. Kada a ce haƙori ne yake fitowa a zauna, kada kuma a kai shi wurin wanzami a cire masa beli. Yanka a bakin da yake da gyambo ƙarin ciwo ne da zubar jini, ba ya kuwa rage kwanan cutar ko ɗaya.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ku ɗauki yaron zuwa asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne:

1. Zazzaɓi mai tsanani, ko wanda ya wuce kwana 3.
2. Yawan zabura ko fizgar hannu da ƙafa, musamman in ya fara barci.
3. Barci mai nauyi wanda da ƙyar ake tashinsa, ko kukan da ba ya rarrasuwa.
4. Amai a kai a kai.
5. Tangaɗi wajen tafiya, ko rawar jiki, ko hannu ko ƙafa ta saki.
6. Sanƙarewar wuya, ko jijjiga.
7. Numfashi da sauri, ko gumi mai sanyi, ko leɓe ya sāke launi.
8. Rashin fitsari awa 8, kamar daga asuba har azahar, ko kuka ba hawaye, ko maɗiga ta faɗa.
9. Kumburin wuya da farin abu a maƙogwaro, gama wannan yana iya zama mashaƙo.

Jariri ɗan ƙasa da wata 3 kuwa, zazzaɓi kaɗai ya isa a kawo shi. Ku sani yawan ƙuraje ba shi ne ma'aunin haɗari ba. Wani yaro jikinsa duk ya feso amma yana wasa, wani ƙurji 3 ne kawai amma cutar ta hau kai. Halin yaron za ku duba. Uwargida, in maigida ba ya nan kada ki jira dawowarsa. Maigida, ka ba da wannan izini tun yau, ka kuma ajiye kuɗin mota.

BAYAN AN WARKE

Fatar tafin hannu da ta ƙafa takan saɓule, ba ta kuwa barin tabo. Waɗansu yara bayan wata 1 ko 2 farcensu yakan ɓamɓare. Kada ku tsorata, sabo zai tsiro da kansa. Wanda ya taɓa yin ciwon yana iya sāke yi, domin ƙwayoyin iri-iri ne, kariyar da ya samu ta irin da ta kama shi ce kaɗai. Saboda haka kada a ce wane ya riga ya yi, a tura shi ya kwana da mai ciwo.

Ga abin da za ku riƙe. Ku ƙirga kwana, ku duba baki da hannu kowace safiya. Sabulu a bakin masai. Kashin yaro cikin masai, har bayan ya warke. Kowa da kofinsa. A nisanta mai ciwo da jariri. A gaya wa maƙwabta. In an ga alamar haɗari, a taho.

In akwai abin da ba ku gane ba, ku zo ɗakin magani ku tambaya, tambaya ba a biyan kuɗinta. In kun gama karantawa ku miƙa wa gidan gaba. Allah ya raya mana yaranmu cikin ƙoshin lafiya, amin.